Tambayoyin Lafiya: Girgizar Ƙasa, Ɓaraguzai da Duwatsu Masu Aman Wuta

Tambaya: Likita, tun motsin ƙasar da muka ji a Mpape cikin Satumban 2024 nake fama da faɗuwar gaba da jiri, ko babbar mota ce ta wuce sai in zabura, barci kuma ya gagare ni. Ina da hawan jini. (Wata uwa daga Mpape, Abuja)

Amsa: Hajiya, sannu da jiki. Abin da kika bayyana sananne ne ga waɗanda ƙasa ta taɓa motsawa a ƙarƙashinsu, domin jiki yakan ci gaba da zaman ɗarɗar ko da haɗarin ya wuce, kuma unguwarku ta ga irin wannan tun a Satumban 2018. Ga mafi yawan mutane yakan lafa cikin 'yan makonni. Naki ya zarce haka, don haka ya wajaba a duba ki, tunda jiri ga mai hawan jini yana iya fitowa daga jinin kansa ko daga maganin da ake sha. Ki je a auna jininki a zaune da kuma a tsaye, ki faɗa wa likita batun razanar ba tare da jin nauyi ba, kada kuma ki sayi ƙwayar barci a kemis.

Tambaya: Na ji ana cewa akan ciro mutum daga ƙarƙashin gini yana magana lafiya lau, bayan kwana biyu kuma ya rasu. Mene ne sababi? (Wani magini daga Bukuru)

Amsa: Malam, tambayarka ta shafe mu fiye da yadda ake zato, domin a nan gini yakan rufta ba tare da wata girgiza ba, kamar yadda Jos ta gani a makarantar Busa Buji cikin Yulin 2024. Idan ƙarfe ko kankare ya danne cinya ko hannu na tsawon sa'o'i, tsoka takan mutu ta tara fotasiyam da wani sinadarin nama, kuma da zarar an ɗage nauyin sai su kwarara cikin jini lokaci guda. Fotasiyam yana iya tsayar da zuciya nan take, shi kuwa ɗayan yakan toshe ƙoda a hankali, har a kai ga wankin ƙoda. Likitoci sun yi fama da wannan bayan girgizar Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairun 2023, wadda ta ci rayuka sama da 50,000. Alamar da nake roƙon 'yan uwan majinyaci su lura da ita ita ce fitsari: idan ya yi kaɗan, ko ya koma launin baƙin shayi, to ƙoda tana cikin haɗari. Abin da ya fi dacewa shi ne ma'aikatan lafiya su ɗaura wa wanda ginin ya danne ƙarin ruwa tun yana ƙarƙashin ɓaraguzan, idan da hali. Wanda aka ciro kuwa a wuce da shi asibiti ko da ya rantse cewa garau yake. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda akan fara kai irin waɗannan wurin mai ɗori, alhali karayar ba ita ce za ta fara kashe su ba.

Tambaya: An ce duwatsun Kerang sun taɓa aman wuta. Ko abin da ya faru a Kamaru zai iya samun mu? (Wani malamin makaranta daga Mangu)

Amsa: Gaskiya ne, Malam, tsaunukan Kerang da Panyam tsofaffin duwatsu ne masu aman wuta, sai dai sun yi shiru tun zamani mai nisa. Abin da ya faru a tafkin Nyos na Kamaru a daren 21 ga Agustan 1986 kuwa iska ce ta yi kisan: iskar kabon da ta taru a ƙasan ruwa ta ɓalle, ta gangara cikin kwaruruka domin ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, ta halaka mutum fiye da 1,700 da dabbobi kusan 3,500, da yawansu suna barci. Tun 2001 aka fara kafa bututu a tafkin don rage iskar. Wannan iska ba ta da launi, ƙyalle ko takunkumi kuma ba ya tare ta, mafita ita ce a hau tudu. A Filato inda ta fi yi mana barazana shi ne tsofaffin rijiyoyi da ramukan kuza, shi ya sa tsofaffin masu haƙa sukan zura fitila a igiya kafin su shiga. Idan ta mutu, ba mai sauka, haka kuma idan wani ya sume a ciki kada a bi shi da gaggawa, a kira 'yan kwana-kwana.