Amsa: A ina ya kamata in samo karen Jamus (jinsin German Shepherd) na asali don gadi?

Malam, ka tambaya ko daga wurin mai kiwon karnuka ya kamata ka samo karen Jamus na asali don gadin gidanka a Garwa, arewacin Kamaru, ko kuwa ka karɓi wanda aka ceto daga titi ko wanda masu shi suka gaza riƙewa. Idan tsantsar jinsin kake nema, ka nufi mai kiwon da zai bari ka shiga gidansa ka ga uwar da idonka, ya kuma ba ka littafin rigakafi mai hatimin likitan dabbobi, domin karen da aka ceto ba kasafai ake sanin asalinsa ba, ko da yake yakan yi gadi sosai kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Sharaɗin da na fi ba muhimmanci shi ne kada ka karɓi ɗan kwikwiyon da bai cika mako 8 ba, kuma kada ka tura ko sefa ɗaya ga wanda ya nuna maka hoto kawai a Facebook da alkawarin ɗoro shi a mota daga Yawunde ko Duwala. Na sha ganin irin waɗannan 'yan kwikwiyo sun iso da amai da gudawar jini, sun mutu cikin 'yan kwanaki, alhali an biya kuɗi mai yawa. Wanda aka haifa nan arewa ya fi jure zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa kan haura digiri 40, sannan da zarar ya cika wata 3 ka kai shi a yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare.