Tambaya da Amsa: Arhar Da, Gaskiya Ce Ko Daɗin Samartaka?

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum. Ni dattijo ne da ya ba shekara sittin baya. Na shigo Kano daga ƙauyenmu a 1979, na sami aiki a wani kamfani a Bompai, muka kama ɗakin haya a Fagge ni da wani abokina. A iya tunawata kuɗin ɗakin bai kai naira ashirin a wata ba, kuma da albashin nan nake biyan kasona, in ci abinci, in aika wa iyayena abin da ya samu, ranar hutu mu tafi silimar Plaza ko kallon ƙwallon Raccah Rovers, kuma kafin shekara ta zagayo na sayi sabon keke. Yau ɗana yana da digiri, ya kai shekara talatin, yana aiki, amma har yanzu a gidana yake kwana, ya kasa kama ɗaki balle a yi maganar aure. Nakan yi masa faɗa in ce tattali ne ba shi da shi. Mahaifiyarsa kuwa takan ce da ni wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma kewar ƙuruciya ce kawai take damuna. Shin da gaske rayuwa ta fi sauƙi a wancan lokaci, ko zuciyata ce take yi mini ƙarin gishiri?

Daga wani dattijo a Kano

AMSA

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Zuciyarka ba ta yaudare ka ba, domin arhar da kake tunawa ta faru, kuma lissafi yana bayanka. Sai dai lissafin nan da yake gaskata ka shi ne kuma yake wanke ɗanka daga zargin da kake yi masa.

Farashi shi kaɗai ba ya nuna arha ko tsada, sai an auna shi da abin da ma'aikaci yake samu. A 1981, bayan yajin aikin gama-gari da ƙungiyar ƙwadago ta yi ƙarƙashin Hassan Sunmonu, gwamnatin Shehu Shagari ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 125 a wata. A lokacin naira ta fi dalar Amurka daraja, don haka wannan kuɗi ya kai kimanin dala 200. Da aka ƙara kuɗin fetur a 1982, lita ta koma kwabo 20, ma'ana albashin ƙaramin ma'aikaci yana iya sayen lita 625. A 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000, adadin da a kunne yake da girma, amma a canjin wannan shekarar bai kai dala 50 ba, kuma a ƙarshen shekarar, da lita ta kai wajen naira 1,000, abin da zai saya bai wuce lita 70 ba. Fetur kuwa yana cikin kuɗin motar da ta ɗauko masara daga Saminaka zuwa kasuwar Dawanau, yana cikin kuɗin niƙa, yana cikin kuɗin adaidaita sahun da ɗanka yake hawa kullum. A zamaninka murtala, wato takardar naira 20 da aka fito da ita a 1977, ita ce babbar takardar kuɗi a ƙasar nan, kuma ta riƙe wannan matsayi har 1991. Yau yaro ma ba ya murna idan an ba shi ita.

Akwai kuma kuɗaɗen da kai ba ka biya ba, waɗanda yau suka zama wajibi a kan duk wanda zai kafa gida a birni. Ka zauna a Fagge kana aiki a Bompai, tafiyar da keke yake gamawa ba tare da an kashe ko sisi ba. Ƙidayar 1963 ta nuna mutanen birnin Kano ba su kai 300,000 ba, yanzu kuwa ana ƙiyasta sun haura miliyan huɗu, kuma unguwannin tsakiya irin Fagge sun cika da shaguna da ɗakunan ajiyar kaya saboda maƙwabtaka da Kantin Kwari da sauran kasuwanni, mai gida ya fi son ɗan kasuwa a kan saurayi mai albashi. Matashin da yake neman ɗaki mai sauƙi sai ya nausa Mariri ko Panshekara ko bayan Rijiyar Zaki, inda abin da ya rage a haya zai tafi a kuɗin mota. Masu gidaje da yawa ba sa karɓar kuɗin wata, sai na shekara a dunƙule, ga na dillali a kai. Ruwa sai an saya a hannun 'yan garuwa, wuta sai an haɗa da janareta ko sola, waya sai an sa mata kati da data domin aikin kansa yana buƙatarta, kuma da zarar an haihu sai a fara tunanin makarantar kuɗi, alhali a zamaninka shirin ilimin firamare kyauta na 1976 yana kan ganiyarsa, kuma ba abin kunya ba ne ɗan babban ma'aikaci ya zauna aji ɗaya da ɗan lebura.

To amma daga ina arhar ta fito? Nan ne masu kewar wancan zamani suke yawan tsallakewa. Kuɗin mai ne ya ɗauki nauyinta. Gangar ɗanyen mai da ake sayarwa kimanin dala 3 a farkon 1973 ta ninka kusan sau huɗu a 1974, ta haura dala 30 a 1980, kuma da wannan kuɗi gwamnati ta riƙe darajar naira a sama, ta yadda shinkafar waje da madarar gwangwani da alkama da kayan gyaran injinan kamfanoninku suke shigowa da sauƙi. Mazauna birni masu albashi su suka fi cin moriyar wannan tsari. Manomin da ka baro a ƙauye shi ya biya wani ɓangare na kuɗin, domin amfanin gonarsa ya kasa gogayya da na waje mai arha, ga fari na farkon shekarun 1970 ya riga ya karya shi, ga cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, har dalar gyaɗar da aka san Kano da ita ta ɓace. Kai kanka, idan ka duba, wataƙila wannan yana cikin abin da ya fito da kai daga gida. Ita ma dokar naira 125 ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai hamsin ba, saboda haka ɗan dako da mai wankin hula da ɗan ci-rani da yake kwana a zauren wani ba su san da zamanta ba. Kana cikin waɗanda suka dace, kuma ba su ne mafi yawa ba.

Haka kuma kukan tsada bai fara yau ba. Ƙarin albashin ma'aikata na kwamitin Udoji da aka biya a farkon 1975, tare da ariyas na watanni, ya sa kaya suka tashi har hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari a wannan shekara. A watan Afrilun 1978 ɗaliban jami'o'i sun fito zanga-zangar da aka yi wa laƙabi da Ali Must Go saboda ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincinsu na yini, kuma an rasa rayuka a Legas da Zariya. A 1982 farashin ɗanyen mai ya fara faɗuwa, Shagari ya kawo matakan tsuke bakin aljihu, kamfanoni suka fara sallamar ma'aikata saboda rashin kayan aiki daga waje, a 1984 kuma na tabbata ka ga dogayen layukan sayen sabulu da sukari da madara, idan ma ba ka tsaya a cikinsu ba. Daga nan sai shirin gyaran tattalin arziki na Janar Babangida, wato SAP, a 1986, wanda ya saki naira ta fara gangarowar da har yau ba ta tsaya ba. Idan aka ƙirga da kyau, shekarun daɗin nan ba su fi goma ba, kuma kai ƙarshensu ka riska.

Maganar Hajiya, mahaifiyar ɗanka, ma tana da nata gurbi, kada a raina ta. A 1979 kai saurayi ne, cikinka kaɗai kake ciyarwa, ɗaki ɗaya ku biyu, tabarma da akwati da rediyo sun ishe ka, ba ka san kuɗin maganin hawan jini ba, ba ka san kayan ɗakin 'ya mace ba. Duk birnin da mutum ya shiga yana da shekara ashirin da lafiyayyun gwiwoyi zai yi masa daɗi. Abokan da kuke zuwa Plaza tare wasu sun rasu, wasu sun koma gida, silimar kanta ta daina aiki, kuma wannan kewa ko an mayar da lita kwabo 20 gobe ba za ta tafi ba. Ita ba laifi ba ce, kuma ba na ganin dalilin da za ka daina ba da labarin. Abin da nake roƙo shi ne ka raba labarin da faɗan.

Shawarata ita ce ka zauna da ɗanka wata rana da daddare, ka ce ya rubuta maka albashinsa da abin da yake kashewa a mota da abinci da waya da abin da yake sakawa a cefanen gida, sa'an nan ku tambayi dillali kuɗin ɗaki da falo a unguwar da yake iya zuwa aiki daga cikinta. Idan ka ga ɓarna a cikin lissafin, kana da hurumin yin magana, kuma zai ji ka domin ka yi ta a kan hujja. Idan ba ka gani ba, to zamansa a gidanka ya zama dabara, kuma sai ku yanke adadin da zai riƙa ajiyewa duk wata, ko ya shiga adashe da mutanen da kuka yarda da su, da wa'adin da kuka sa wa kanku. Idan akwai fili a gidan da za a fitar masa da ɗaki da ƙofarsa daban, iyayenmu sun daɗe suna yin haka, kuma ba a taɓa ganin aibinsa ba.

TAMBAYA TA BIYU

Malam, barka da aiki. Mahaifina tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, a Kaduna, kuma na taso ina jin yadda unguwar take cika maƙil da kekuna da babura idan an tashi daga aiki. Shi da abokansa sun haƙiƙance cewa da gwamnati za ta dawo da tallafin man fetur, da zamanin arha ya dawo. Ni ɗaliba ce, ina son in san ko haka ne.

Daga wata ɗaliba a Kaduna

AMSA

'Yata, Allah ya yi wa karatu albarka. Dawo da tallafin zai rage kuɗin mota da na abinci na ɗan lokaci, wannan babu musu, kuma zafin da mutane suka ji tun da aka cire shi ranar 29 ga Mayu 2023 zafi ne na gaske. Amma ki lura da tarihin unguwarku. Masaƙar Kaduna Textiles, wadda ta fara aiki a 1957, ta tsaya a 2002, babbar masaƙar UNTL kuma ta rufe a 2007, kuma a shekarun da suka rufe ɗin nan akwai tallafin fetur. Abin da ya durƙusar da su shi ne rashin tsayayyiyar wutar lantarki, da tsadar baƙin man da tukwanen injinansu suke sha, da tsufan injina, da atamfar waje, musamman ta Sin, wadda take shigowa ta fasa-ƙwauri a farashin da ba za su iya saukowa su same shi ba.

Kakurin da mahaifinki yake kewa albashi ne ya raya ta. Dubban mutane suna karɓar kuɗi a ƙarshen kowane wata, mai tuwo da tela da mai gidan haya da mai facin keke duk suna ci daga gare su, ga kamfanin haɗa motocin Peugeot da aka buɗe a 1975 yana nan kusa, matatar mai ta biyo baya a 1980. Fetur mai arha ba ya ɗaukar kowa aiki, kuma kuɗin da ake zubawa a tallafinsa daga baitulmali ɗaya yake fita da kuɗin wuta da asibiti da makaranta. Tambayar da ta fi dacewa ku riƙa yi wa masu neman ƙuri'arku ita ce ina kuɗin da aka ce an tsimi bayan cire tallafin yake tafiya, tun da kason da jihohi suke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai, kuma nawa ne daga ciki ya shiga wutar lantarki da noman auduga a Funtuwa da Gusau.

Ki gaida mana Baba, kuma idan ya yarda ki ɗauki labarinsa da na abokansa a waya, ki tambaye su albashinsu na farko da kuɗin hayarsu da shekarar da aka sallame su. Za mu so mu buga wani ɓangare a wannan fili, ba tare da sunayensu ba.