Me ya haɗa madatsar Akosombo da ƙarancin kifi a Ada?

Tambaya: Ni mai sana'ar busasshen kifi ce a kasuwar Nima da ke Akara, kuma na daɗe ina saro kaya daga Ada da Sogakope, garuruwan da ke ƙasan kogin Volta. Dattawan can suna cewa kifi da jatan lande da adode (wata irin ƙumbar kogi da ake cin namanta) sun ragu tun da aka gina madatsar Akosombo. Yaya madatsar da ke nesa haka za ta taɓa bakin teku?

Amsa: Hajiya, maganar dattawan nan tana da tushe. Mahaɗar kogi da teku wuri ne da ruwan daɗi yake gauraya da ruwan gishiri, kuma rayuwar da ke cikinsa ta dogara ne a kan sauyin da ake samu tsakanin damina da rani. Kafin a kammala Akosombo a 1965, kogin Volta yakan cika ya tumbatsa kowace shekara, ya malale fadamu da ƙananan rafuka inda kifi ke hayayyafa, sannan idan rani ya yi ruwan ya ja baya, ruwan teku ya kutso can ciki. Da aka datse kogin, aka ƙara da madatsar Kpong a 1982, sai ruwan ya koma gudana kusan bai ɗaya duk shekara, gwargwadon buƙatar injinan lantarki. Rafukan da ambaliya ke cikawa suka ƙafe, wuraren da adode ke yaɗuwa suka tsuke.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne yashi da laka. Kogi ba ruwa kaɗai yake kai wa teku ba, yana ɗauke da yashin da ke gina gaɓa, to amma yanzu yawancinsa yana kwantawa ne a ƙarƙashin tafkin Volta da madatsar ta tara. Teku kuwa bai fasa kwasar nasa rabon ba, shi ya sa gaɓar Ada da Keta take ta zaizayewa har ruwa ya ci gidaje, ko da yake hauhawar teku da ɗibar yashin gini su ma suna da hannu. A bakin kogin kansa, rashin ambaliyar da ke share hanya ya sa yashin da igiyar teku ke turowa ya taru ya rage shigar ruwan gishiri. Ciyayin ruwa suka samu wuri, dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya ya yawaita a cikinsu, cutar ta addabi ƙauyuka, har hukumar VRA mai kula da madatsun kogin Volta ta shiga aikin yashe bakin kogin.

Sai dai ba adalci ba ne a ɗora wa madatsa komai, alhali lantarkinta muke sha. Wanda ya je kasuwar Anyanui zai ga itacen mangurof, bishiyar da ke tsirowa inda ruwan daɗi da na gishiri ke haɗuwa, jibge a bakin ruwa, ɗauri-ɗauri, ana loda shi a kwalekwale da mota, kuma da irinsa ake banda kifin da ke kan teburinki. Cikin saiwoyin wannan bishiya ƙananan kifi da jatan lande suke fakewa har su girma, don haka sare ta ba tare da dashe ba yanke arzikin gobe ne. A yammacin Ghana kuma matsalar ta juya: galamse, wato haƙar zinari ba bisa ƙa'ida ba, ta mayar da kogunan Pra da Ankobra kamar kunu, laka mai yawa tana toshe hasken rana tana binne wuraren ƙwai, ga sinadarin makuri na masu haƙar da ke shiga jikin kifi.

A ganina gyaran da ya fi kusa shi ne a riƙa sakin ruwa daga madatsa daidai da lokacin tsohuwar ambaliya, da awo da sanarwa tun da wuri, domin sakin gaggawa irin na 2023, wanda ya raba dubban mutanen garin Mepe da ke ƙasan madatsar da maƙwabtansu da gidajensu, ɓarna ce zalla. Ke kuma, Hajiya, idan kin koma saro, ki tambayi masu banda ko suna amfani da murhu mai rage cin itace, kuma ki ƙi karɓar ƙananan kifin da ba su kai kamu ba.