Tambaya da Amsa: Roka na Tsohon Inji, Lambar Kwali da Lambar Gaskiya

Wasiƙun wannan mako sun taru a kan roka, ɗan ƙarfen nan da ke saman inji wanda sanda ke turawa ta ƙasa, shi kuma ya danna bawul, wato ƙofar da iska ke shiga ko hayaƙi ke fita a silinda. Yana aiki kamar sikeli mai hannu biyu, ɗaya ya fi ɗaya tsawo, don haka yana ninka motsin da kam, ƙarfen nan mai tozo da ke juyawa yana ɗaga sandar, ya aiko. Wannan ninkin shi ne lambar da ake rubutawa a kwali, 1.5 ko 1.6.

Daga Jos: "Ina da Bitil mai inji 1600. An ce in na sa roka mai ninki 1.4 za ta riƙa tsere da motocin yanzu."

Wanda ya gaya maka haka ya raina maka hankali. Na asali 1.1 ne. Akwai masu sa 1.25, amma 1.4 an yi shi ne don kam da aka sassaƙa dominsa, kuma sai an sake tsawon sanduna. Da kafireto guda na asali, ko ka buɗe bawul kamar ƙofar gari, iskar da za ta shiga ba za ta ƙaru da abin kirki ba. Ka saita tazarar da ke tsakanin bakin roka da kan bawul a 0.15 na milimita, inji a sanyi, ka bar tsohuwa ta yi tafiyarta.

Daga Zariya: "Mahaifinmu ya rasu ya bar mana Fijo 504. Saman injin yana ƙas-ƙas. Bakanike ya saita sau biyu ƙarar ba ta tafi ba, yanzu ya ce a sayi roka sababbi gaba ɗaya. Ina tsoron kada in lalata abin da Baba ya riƙe shekaru."

Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa. Ka kwantar da hankalinka ɗan'uwa, ƙarar da ka kwatanta ba ta kashe inji a rana ɗaya, kuma 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 ba a rasa kayanta a Panteka ko Ƙofar Ruwa.

Ga abin da ya fi yiwuwa. Bakin roka da ke taɓa kan bawul yakan ci, ya yi ɗan rami. Fila geji, 'yar reza ta awon tazara, faffaɗa ce, sai ta haye ramin ba ta shiga ba. Bakanike zai ga 0.10 a bawul na shiga da 0.25 a na fita, yadda ya kamata a injin fetur mai sanyi, alhali tazarar gaskiya ta fi haka da zurfin ramin. Shi ya sa saiti bai yi magani ba. A cire layin rokan, a jera su yadda suke, kowanne da gurbinsa, kada a gauraya. A shafa bakin kowanne da farce. A duba ƙasan sandar da suke juyawa a kai, don can take ci, kuma a busa ramukan baƙin mai. Wataƙila biyu ko uku ne suka mutu a cikin takwas. Waɗannan za ka canza, da tsofaffin asali masu lafiya daga wani injin 504. Sun fi sababbin da ba a san uwarsu ba.

Daga Abuja: "Na shigo da tsohuwar Chevrolet mai inji 350 daga Amurka. Na yi odar roka masu taya, an rubuta 1.6, a farashin da bai kai rabin na sanannun kamfanoni ba. In ɗaura?"

Alhaji, kada ka ɗaura tukuna. Araha ba ta ado, balle a cikin inji.

Wannan injin, da danginsa da suka fara fitowa a 1955, ninkinsu na asali 1.5 ne. Lissafin mai sauƙi ne. In kam yana ɗaga sanda milimita 7.62, roka mai 1.5 zai buɗe bawul 11.43, mai 1.6 kuma 12.19. Bambancin bai kai milimita guda ba, amma a wannan wuri ba ƙaramin abu ba ne. To wa ya tabbatar maka 1.6 ɗin ne? Kwali ne ya faɗa. Ko rokan kamfani na asali, waɗanda ake bugawa daga faifan ƙarfe, sau da yawa in an auna ba su cika 1.5 ba. Ina ga wanda aka kwaikwaya a masana'antar da ba ta da suna? Abin da ya fi ɓata min rai da kayan jabu shi ne ba su daidaita ko a tsakaninsu. Cikin goma sha shida, wani ya wuce lambar, wani bai kai ba. Sai silinda takwas kowacce tana numfashi daban, inji yana rawa in yana tsaye, a yi ta zargin kafireto da fulogi, a yi ta kashe kuɗi a inda babu ciwo. Sannan ƙananan allurai da ke cikin boris ɗinsu, in ƙarfen bai sha wuta yadda ya kamata ba, sukan farfashe su bi baƙin mai zuwa famfo. Wanda ya yi tsimin kuɗin roka sai ya biya kuɗin sauke inji. Mutum ya iya biyan jirgin ruwa da kwastan, ya zo kan abin da ke riƙe da bawul ya fara neman rangwame!

Ka nemi agogon awo mai allura, irin na masu aikin sassaƙa ƙarfe. A ɗora shi kan sanda, a juya inji da hannu, a rubuta iyakar ɗagawarta. A ɗaura roka, a mai da agogon kan faifan da ke riƙe sifirin bawul, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke rufe shi, a miƙe da tsayin bawul ɗin, a sake juyawa. Raba na biyu da na farko. In ka samu 11.2 a kan 7.62, rokanka 1.47 ne, ko me aka rubuta. Tafet shi ne ɗan ƙarfen da ke tsakanin kam da sanda, kuma mai aiki da mai yakan sauka in sifirin ya danne shi, ya ba ka lambar ƙarya, don haka a yi awon da sifiri mai laushi ko tafet maras mai. A auna duka, ba guda ɗaya ba.

Ko sun cika 1.6, da sauran aiki. Ninki mai yawa yana matso da sanda kusa da ƙusar da roka ke zaune a kai, tana iya gogar ramin da take bi a kan silinda, sai an faɗaɗa shi. A cikakkiyar buɗewa, sifiri ya bar aƙalla milimita 1.5 kafin zobbansa su haɗe, in ba haka ba sanda za ta lanƙwashe. Tsakanin bawul da fistan a bar kimanin 2 a na shiga, 2.5 a na fita. Ka duba kaurin ƙusoshin, don akwai 3/8 akwai 7/16 na inci, kuma na asali matsa su aka yi ba ɗauri ba, sifiri mai ƙarfi yana iya zare su. Akwai kuma roka masu ɗan kunne da ke kama kan bawul da kansu. Ba a haɗa su da farantin da ke riƙe sanduna, in an haɗa sai su yi ta ja-in-ja har wani ya ci. A ƙarshe shafa tawadar alƙalamin maka a kan bawul, juya inji sau biyu, ka duba sawun. Siriri a tsakiya ake so. In ya karkata gefe, tsawon sanda bai dace ba, kuma makwancin bawul ne zai biya.

In motar ta yawon Juma'a ce da zuwa ɗaurin aure, ka mayar da kayan, ka sayi 1.5 na ƙarfe daga kamfanin da ke da adireshi.

Daga Maraɗi: "Za a iya cike bakin rokan Landiroba da walda a goge?"

Ana yi, amma walda tana kashe taurin bakin, dutsen guga a hannu kuma ba ya dawo da lanƙwasar da aka yi ta da awo. Zai kai ka gida daga daji. Da ka isa, ka nemi wani.