Ork, wada ko elf: wa ya fi mazantaka a teburin wasa?

Tambaya: Ina buga Dungeons & Dragons da abokaina, wato wasan tebur da kowa ke buga jarumin almara ana jefa dayis, jarumina elf ne mai takobi. Kullum sai sun yi min tsiya wai ba namiji na zaɓa ba, siriri ne, ba gemu. Abin ya fara damuna. In sayi mutum-mutumin ork in sauya?

Ƙanena, kwantar da hankalinka, kada ka sayi komai. Ork, wada da elf jinsunan halittun almara ne da ɗan wasa ke zaɓa wa jaruminsa. A littafin 'yan wasa na 2014, ruwa-biyun ork, wato rabi ork rabi mutum, yana samun ƙarin maki 2 a ƙarfi da 1 a juriya, elf kuma 2 a zafin nama. A ce ƙarfinsa 16 ne, na elf ɗinka 14: makin 16 yana ƙara 3 a kan jifar dayis, makin 14 yana ƙara 2. Tazarar ɗaya ce tak a dayis mai fuska 20, wato kashi 5 cikin 100. Ka ba elf ɗinka siririn takobin suka, wanda ake lissafinsa da zafin nama: ɓarnarsa dayis mai fuska 8 ce, daidai da dogon takobi a hannu ɗaya. A fagen fama ba wanda ya fi ka.

Maganar gemu kuwa, dokar ce ta ce elf ba ya tsirar da shi. Mutanen da ba sa ɗaukar yaro ya girma sai ya kai wajen shekara 100, suna kuma rayuwa har 750, ba da faɗin ƙirji za su auna namiji ba. Haƙuri da cika alkawari da ƙwarewa a sana'a za su duba. Ka buga shi a haka. Idan tsiyar ta wuce gona da iri, ka yi wa jagoran wasan magana kafin zama na gaba, aikinsa ne ya tsawatar.

Tambaya: Wane jinsin halitta ne ya fi kowanne zama namiji, don in sayi littafinsa?

Babu wannan littafin, kuma tambayar ba ta da kai. Ork ɗin Warhammer 40,000, wani wasan tebur na daban, da ake ganin ya fi kowa ƙwanji da hargowa, tsirowa yake yi kamar naman kaza, ba shi da uwa balle mata. Je ka karanta dokokin kyauta da kamfanin wasanmu ya sa a intanet tukuna.

Tambaya: Ni mace ce. An yi min tayin tsohon littafin 1978. Zan iya buga jaruma mai ƙarfi da shi?

'Yar'uwa, ki san abin da za ki saya. Wannan bugun ya yi wa ƙarfin mata iyaka: mutum namiji yana kaiwa 18/00, wato ƙololuwar makin ƙarfi, mace ta tsaya ƙasa da shi a 18/50, macen wada 17, macen elf 16. Bugu na biyu, na 1989, ya cire wannan. Idan don ajiya ne da sanin tarihi, saya. Idan don wasa ne, ki fara jin bakin jagoran ko zai yi watsi da wannan iyakar.

Tambaya: Na ga littafin 'yan wasa a intanet ƙasa da rabin kuɗinsa, wai sabo dal, haɗe da wasu ƙattin mutum-mutumin ork da wadanni. In tura kuɗi?

A'a. Wannan maganar ce take ci min tuwo a ƙwarya, don haka ka saurara.

Farashin da kamfanin Wizards of the Coast, mai wasan, ya sa wa littafin wajen dala 50 ne. Manyan dillalai kan yi ragi, amma wanda ba a san shi ba, mai kwafi birjik, ga hoton talla maimakon hoton kayan da ke hannunsa, ka zarge shi da jabu. Araha ba ta ado. Ka ce ya turo hoton shafi a buɗe da na bayan littafin. Jabun ana gane shi da ƙananan rubutu masu dishi-dishi, launin zane da ya koɗe ko ya yi duhu, takarda sirirya har rubutun baya yana leƙowa, da ɗauri na gam zalla wanda shafuka ke fara zubewa daga tsakiya. Mai kaya na gaskiya ba ya jin haushin wannan buƙata.

Ko da na gaske ne, tambayi shekara. Bugun 2014 da na 2024 suna ɗaya gare su, amma a kan maganar ork da elf sun sha bamban. A na 2024 ƙarin makin ya bar jinsin halitta ya koma kan tarihin rayuwar jarumi, an shigo da cikakken ork, an fitar da ruwa-biyun. Tun 2020 ma aka soke ragin maki 2 na basira da wani littafi na 2016 ya ɗora wa ork, aka kuma ba ɗan wasa damar mayar da ƙarin makinsa inda ya ga dama. Wanda ya sayi tsohon bugu don ya kafa wa abokai hujjar cewa ork ƙato ne dolo, ya biya kuɗi a kan dokar da masu ita suka janye.

Sai mutum-mutumin, inda samari suka fi zubar da kuɗi. Ido yana tafiya kan mafi girman dantse da mafi faɗin gatari, ba mai duba gindin. A taswirar wasa kowane gida inci 1 ne, yana wakiltar ƙafa 5. Ork da wada da elf duk matsakaita ne a doka, gida ɗaya kowannensu ke ci, gindin da ya dace kuwa wajen milimita 25 ne. Ka kawo mai gindin milimita 50, ya mamaye gida huɗu, ya rufe na kusa da shi, a fara gardamar wa ke iya kai wa wa sara. Ƙarshenta a ture shi gefe a sa murfin kwalba. Na jabu kuma daga jikin na asali ake kwafar su, shi ya sa kitson gemun wada yake fitowa a dame, da 'yan ramukan iska a fuska, makami a lanƙwashe, jiki da maiƙon da ke hana fenti kamawa. Idan har sun riga sun shigo hannunka, wanke su da sabulu da ruwa mai ɗumi kafin shafin farko, kuma ka rufe hanci idan za ka goge su, ƙurar ba ta da kyau ga huhu.

Abin da sabon ɗan wasa yake bukata bai wuce dayis bakwai, fensir, takardar jarumi da dokokin kyauta da kamfanin ya sa a intanet ba. Ka yi zama biyar ko shida da jarumin kafin ka saya masa siffa, domin da yawa kan sauya jarumi tun ba a je ko'ina ba.

Tambaya: Wadana dole ne ya zama mashayi mai faɗa?

Ba dole. Doka ta ba shi juriya da gani a duhu da jure guba, ba ta ba shi hali ba. Maƙeri mai kunya da ke renon marayun ɗan'uwansa ma wada ne, kuma ba sai ka sayi wani littafi kafin ka buga shi ba.