Ina ya kamata kowane kayan kiɗa ya zauna a cikin waƙa?

Tambaya: Ina haɗa kiɗa da manhajar FL Studio a wani ƙaramin situdiyo a Kano. Idan na raba kayan kiɗa hagu da dama, waƙar tana daɗi a iyafis, amma da zarar an kunna ta a waya sai fiyano ya dusashe, murya kuma ta nutse. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, abin da maɓallin fanin, wato na karkata sauti hagu ko dama, yake yi shi ne ƙara ƙarfin sauti a lasifika ɗaya tare da rage shi a ɗayar, sai kunne ya ɗauka daga wannan gefen sautin yake fitowa. A kan wannan dabara injiniya Alan Blumlein na kamfanin EMI ya gina tsarin sitiriyo, wato sauti ta lasifika biyu, da ya yi wa rajista a Ingila a 1931. Sai dai yawancin masu sauraronka ba su da lasifika biyu: ƙananan wayoyi da rediyo da akwatunan Bluetooth da dama suna haɗe hagu da dama su zama sauti guda, wato mono.

Saboda haka tsakiya, inda sauti ke fitowa daidai a lasifika biyun, ta muryar mawaƙi ce, da bes (kayan kiɗa mai sauti mai kauri), da babbar ganga mai kauri. Kunne ba ya iya tantance inda sauti mai kauri sosai yake fitowa, don haka tura bes gefe ba ya ƙara faɗi, sai dai ya ɗora wa lasifika ɗaya nauyin da ya kamata biyu su raba. Sauran kayan su ne ake watsawa, kuma a ganina hikimar tana wajen raba masu kama da juna: idan fiyano da gurmi suna rububin wuri ɗaya da murya, a kai ɗaya hagu, ɗayan dama, 'yan amshi kuma su tsaya a gefe biyu na mai bayar da waƙa. Kalangu, da yake magana yake yi, ba na son a nisanta shi da tsakiya.

Dusashewar fiyanonka kuwa, ina kyautata zaton daga na'urar faɗaɗa sauti take, ko daga kwafin layin sauti ɗaya da aka tura gefe aka ɗan jinkirta shi. A iyafis wannan yana da armashi, amma idan ɓangarorin biyu suka haɗu a mono, igiyoyin sautin suna cin karo, wasu su soke wasu. Ya fi kyau a sake buga fiyanon karo na biyu, a ajiye kowane bugu a gefensa.

Kafin ka taɓa fanin, mayar da babban layin fita, inda duk sautukan suke haɗuwa, zuwa mono, ka daidaita ƙarfin kowane kaya har murya ta fito sarai, sannan ka buɗe sitiriyo. Bayan ka gama, ka sake komawa mono, ka kuma saurari waƙar a lasifikar waya kafin ka miƙa ta ga mawaƙin.