StringRef da SmallVector, ko std::string da std::vector?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka ci gaba da std::string da std::vector, ma'ajin rubutu da na jeri na C++, a gyaran da kake yi wa LLVM, tarin kayan aikin fassara kod zuwa harshen inji. Za su yi aiki, amma sau da yawa masu duba kod sun fi son a yi amfani da na LLVM, irin su StringRef da SmallVector.

In karanta rubutu kawai za a yi, miƙa StringRef. Ba ya kwafar komai, adireshin farkon rubutun ne da tsawonsa. Sai dai aro ne, ba mallaka ba. Na taɓa dawo da StringRef mai nuni ga std::string na wucin gadi. Mai kayan ya tafi da kayansa, sunaye suka riƙa fitowa shirme. Kwana biyu ina lalube kafin na gano.

Jerin da yawanci gajere ne, ba shi SmallVector<T, 8>. Takwas ɗin farko a jikinsa suke zama, sai sun wuce haka yake kiran malloc, wato neman ƙarin wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Kada dai ka zari lamba babba, kowane kwafi zai yi nauyi.

DenseMap, ma'ajin LLVM mai haɗa maɓalli da darajarsa, ya fi std::map na C++ sauri wajen nema, amma ƙara abu na iya kwashe na ciki zuwa sabon wuri. Twine kuwa, mai haɗa guntayen rubutu na ɗan lokaci, miƙa shi nan take, kada ka ajiye shi.